'Yar Gidan Rediyo da 'Yar Gidan Faifai: Asalin Na'urori Biyu na Gyaran Sauti

Duk wanda ya taɓa zama a bayan mai haɗa sauti a situdiyo, yana kallon fuskar kwamfuta ana miksin ɗin waƙa, ba zai rasa ganin wasu na'urori biyu masu kama da tagwaye ba. Kowacce tana da layi a kwance, kaurin sauti a hagu, kaifinsa a dama, kuma da kiɗa ya tashi sai layin ya riƙa lotsawa yana miƙewa kamar cikin mai barci. Ɗaya ana ce mata maltiban, wato kwamfiresa mai zango-zango. Ɗayar ana ce mata dainamik, wato ikwalaiza mai motsi. Matasan sana'ar sun daɗe suna musu a kan wacce ta fi, wasu kuma su ce ai duk kanwar ja ce, suna ne kawai ya bambanta.

A ganina musun ya ƙi ƙarewa ne domin ba a tambayi asali ba. Bahaushe in zai nemi aure, gidan su yarinya yake fara bincikawa, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Waɗannan na'urori ba gida ɗaya suka fito ba. Maltiban a gidan rediyo aka raine ta, inda abin da ake nema shi ne ƙara da kamanni. Dainamik kuwa ta taso ne a ɗakin yankan faifai da dandalin wasa, inda ake fama da aibi guda ɗaya mai zuwa ya wuce. Har yau kowacce halin gidansu take nunawa.

Kakanninsu biyu ne, kuma babu wadda aka ƙirƙira don waƙa. Ikwalaiza daga wayar tarho ta fito. Injiniyoyin kamfanin Bell a Amurka sun lura cewa in murya ta yi doguwar tafiya a cikin waya, kaifinta yakan zube a hanya, ta isa a dushe. Sai suka haɗa abin da zai mayar da wanda ya zube, ƙarshen waya ya yi daidai da farkonta. Ma'anar sunan ke nan, mai daidaitawa. Masu fim suka ɗauke ta a shekarun 1930, daga nan ta shiga situdiyon waƙa, inda Pultec ta yi suna tun shekarun 1950, har gobe ana kwaikwayonta. Kunnen ɗan Adam yana jin kaɗawar iska daga kusan sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa, abin da ake aunawa da haz. Rugugin babbar ganga yana can ƙasa da haz 100, "s" da "sh" da "ts" na bakin mawaƙi suna sama, wajajen 5,000 zuwa 8,000. Aikin ikwalaiza ta zaɓi wuri a cikin wannan faɗi ta ƙara ko ta rage. Aibinta shi ne ba ta san lokaci ba. In ka rage kaifi saboda kalma ɗaya da ta soki kunne, ka rage shi ke nan daga farkon waƙa har ƙarshe, har a baitin da yake buƙatarsa.

Kwamfiresa, ba irin ta firji ba, ta rediyo ce tun ran gini. Na'urar watsa shiri ta AM tana da iyakar abin da za ta ɗauka. In sauti ya wuce iyakar sai ya fashe, ya kuma fantsama cikin tashar maƙwabta, hukuma ta aiko da takarda. Da can mutum ake zaunarwa, hannunsa a kan abin murɗa ƙara, yana jiran mai shela ya ɗaga murya ya rage. A 1937 kamfanin Western Electric ya fitar da na'urar 110A mai yin wannan gadi da kanta. Ita kuma aibinta kishiyar na ikwalaiza ne: ta san lokaci sarai, amma ba ta san wuri ba. Ganga ce ta yi laifi, amma murya da sarewa da kowa sai sun durƙusa tare da ita, sannan su miƙe, ganga ta sake bugawa su sake durƙusawa. Mai sauraro sai ya ji waƙar tana haki.

Tambayar da ta rage ita ce yadda za a samu na'urar da ta san wuri ta kuma san lokaci. Gidaje biyu suka amsa, kowanne daidai da ciwon da ke damunsa.

Ciwon gidan rediyo kasuwa ce. A zangon AM, gwargwadon yadda sautinka ya cika, gwargwadon nisan da zai kai kafin ƙarar iska ta rufe shi. Wanda ya taɓa manna kunne a jikin rediyo da dare yana neman labarai a gajeren zango ya san wannan ba sai an yi masa bayani ba. Ban da nisa kuma, masu tashoshin Amurka sun yi imani cewa mai murɗa rediyo a mota yakan tsaya ne a inda ya fi jin ƙara. Yawan masu sauraro shi ne farashin talla. Saboda haka kowa so yake ya matse sautinsa har bakin iyaka, ya zauna a can. A shekarun 1960 ɗakunan binciken CBS suka fitar da Audimax da Volumax, tashoshi suka yi rububinsu. Sai dai duk dabarar da aka zuba a cikinsu, in aka matsa musu da yawa, hakin nan sai ya dawo, musamman da waƙoƙin zamanin suka fara zuwa da bes, wato kaurin sauti, mai nauyi.

A farkon shekarun 1970 wani injiniyan rediyo a Los Angeles, Mike Dorrough, ya fito da akwatin da aka sani da DAP 310. Dabararsa in aka faɗe ta kamar wasa. A raba sauti gida uku, ƙasa da tsakiya da sama, a ba kowane gida kwamfiresarsa, sannan a sake haɗa su. Yanzu in ganga ta buga, gidan ƙasa ne kaɗai zai durƙusa, murya tana tsaye a inda take. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Da wannan aka samu damar matsawa fiye da da, ba tare da kunne ya kama hakin ba.

Amma akwai abu na biyu da ya biyo baya, kuma shi ne ainihin halin maltiban, wanda masu amfani da ita a yau suka fi mantawa. Tun da kowane gida ana tura shi zuwa wani mizani da aka tsayar, duk faifan da aka saka sai ya fito da launi iri ɗaya. Wanda aka ɗauka a dushe, gidan sama ya ɗago masa kaifi. Wanda bes ya yi masa yawa, gidan ƙasa ya danne. Tsohuwar waƙa da sabuwa, talla da labarai, duk su fito kamar a ɗaki ɗaya aka yi su. Ga mai gidan rediyo wannan alheri ne, domin tasharsa ta samu murya tata ta kanta, wadda mai sauraro zai gane ko bai ji an faɗi suna ba. A riƙe wannan: na'ura ce da aka horar don ta mayar da abubuwa mabambanta su zama iri ɗaya, kuma ba ta hutawa, daga buɗe tasha har rufewa.

FM ta zo da nata ciwon. Don a rage hucin da ke bin sauti, doka ta ce a ɗaga kaifi kafin a watsa, rediyon mai sauraro ya mayar da shi ƙasa. A tsarin Amurka ɗagawar takan kai kusan desibel 17, ma'aunin ƙarfin sauti, a haz 15,000. Ke nan abin da ke fara dukan iyaka a FM ba ganga ba ce, "s" ɗin mai shela ne da ƙarar faranti. Bob Orban, wanda ya yi karatu a Stanford ya kafa kamfaninsa a San Francisco, shi ya fi kowa fahimtar wannan. A 1975 ya fitar da Optimod 8000, wadda ta haɗa matsewa da tsare iyaka da haɗa sitiriyo a akwati ɗaya. A 1980 aka samu 8100, daga baya aka yi mata ƙari mai zango shida. Texar ta kawo Audio Prism mai zango huɗu, injiniyoyi suka riƙa jera akwati a gaban akwati. Da aka buɗe tashar Z100 a New York a 1983, injiniyanta Frank Foti ya yi suna wajen sa ta fi kowa ƙara a birnin, daga baya kuma ya kafa nasa kamfanin, mai yin Omnia, ya zama babban abokin hamayyar Orban. Za mu sake haɗuwa da su biyun.

Kada a ce rediyo ce kaɗai ta san dabarar raba sauti. Ray Dolby, da ya kafa kamfaninsa a Landan a 1965, ya raba sauti gida huɗu a tsarinsa na Dolby A, ya matse kowanne kafin a ɗauka a tef, ya warware a lokacin saurare, don hucin tef ya ragu da kusan desibel 10. Kamfanin Decca ne ya fara saye. Sai dai burin Dolby shi ne abin da ya shiga ya fito kamar ba a taɓa shi ba. Wasu masu situdiyo ne suka gano cewa in aka matse aka ƙi warwarewa, murya takan samu wani ƙyalli a sama, suka mayar da hakan sirrin sana'a.

To, mene ne kuɗin wannan rabawa? Wurin da ake yanka sauti, inda gida ɗaya ya ƙare wani ya fara, shi ne mararraba. A ɗauka tela ya yanka shadda gida huɗu don ya rage kowane yanki daban, sannan ya mayar ya ɗinke. Ko bai rage komai ba, ɗinkin yana nan. Haka mararraba take: sautin da ke kusa da ita yakan ɗan makara a kan ɗan'uwansa, ko da kwamfiresa ba ta taɓa komai ba. Siegfried Linkwitz da Russ Riley, injiniyoyin Hewlett-Packard, sun fito da wata mararraba a 1976, asalinta don lasifika, wadda in aka haɗa yankunan ƙarfinsu yakan dawo daidai, babu tudu babu kwari. Ita ce a cikin yawancin maltiban har yau. Amma makarar nan ba ta kau ba. Zamanin kwamfuta ya kawo wata mararrabar da ba ta da makara, ita kuma kuɗinta jinkirin sautin ne gaba ɗaya da wani ɗan amo da ke riga bugun ganga fitowa. Babu ɗinkin da ba ya barin alama.

Akwai kuma matsalar wanda ya tsaya ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can. Muryar mutum ba a gida ɗaya take zaune ba: gindinta yana ƙasa, jikinta a tsakiya, numfashinta a sama. In gidan tsakiya ya danne, na sama bai danne ba, sai muryar ta canza kama a tsakiyar kalma. Wannan ne dalilin da ya sa waƙar da aka cika wa maltiban take yin wani irin santsi marar rai.

A yi mata adalci kuma. Kaɗawa ɗaya ta haz 50 tana cin kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa, ta haz 5,000 kuwa ta fi ta gajarta sau ɗari. Kwamfiresar da ta yi saurin da ya dace da kaifi za ta yaga bes, wadda ta yi nawar da ta dace da bes kuma kaifi zai wuce ta kafin ta farga. Maltiban ce ta ba kowane gida nasa saurin kamu da saurin saki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ne har yanzu ya sa ba a iya yar da ita.

Ɗaya gidan labarinsa bai kai wannan tashe ba, domin babu gasa a cikinsa, sai gyaran ɓarna. Bayan yaƙin duniya na biyu, Hermon Hosmer Scott a Amurka ya ƙera wata na'ura don tsofaffin faya-fayen garmaho masu ƙarar yashi. In kiɗa ya yi ƙarfi sai ta buɗe kaifi, tun da kiɗan zai rufe yashin, in ya yi sanyi sai ta rufe. Ikwalaiza ce wadda sautin da kansa yake murɗa ta. Tsatson ke nan.

A ɗakin yankan faifai abin ya fi tsanani. Ma'aunin RIAA da aka amince da shi a 1954 shi ma ɗaga kaifi yake yi sosai kafin a yanka. In mawaƙiya ta ja "s" da ƙarfi, kan na'urar yanka zai iya ƙonewa, kuma ko ya tsira, allurar mai saurare ba za ta iya bin layin ba, sai a ji "s" ta koma tartsatsi. Rage kaifin faifan gaba ɗaya asara ce, don laifin bai wuce ƙiftawar ido ba. Abin da ake so shi ne sakiya: a nemi inda ƙurjin yake, a soke shi, a bar sauran jiki. Fairchild ta yi Conax don wannan aiki. A shekarun 1970 da 1980 Orban ɗin nan dai da kamfanin dbx suka fitar da na'urorin kashe "s" da suka cika situdiyo. Na farko-farkonsu dabara ce mai sauƙi: a toshe wa kwamfiresa kunne ta yadda ba ta jin komai sai kaifi, amma in ta ji sai ta danne muryar duka. Na baya suka koyi danne wurin laifin kaɗai. Hatta Dolby B ta 1968, wadda duk mai tsohuwar rakoda ya san maɓallinta a jikin na'urar kaset, daga wannan dangi take, domin zango ɗaya gare ta mai zamewa sama da ƙasa gwargwadon abin da ke cikin waƙar.

Abin da ya rage shi ne aska mai kaifi. A 1972 George Massenburg ya gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES takardarsa a kan ikwalaizar da ke da abin murɗawa uku: ina ne wurin, nawa za a ƙara ko a rage, kuma faɗin wurin nawa ne. Da ita za ka iya nuna waje siriri kamar tsinke ka ce nan nake nufi. A daidai wannan zamani David Blackmer na dbx ya kyautata ƙwayar lantarkin da ke ba da damar wuta ta murɗa ƙarfin sauti daidai wa daida, ba hannu ba. In ka haɗa biyun, ka ce wa na'ura ta riƙa murɗa abin "nawa" da kanta a duk lokacin da wurin nan ya wuce iyaka, ka samu dainamik.

Wadda ta fito da wannan suna a fili ita ce DPR-901 ta kamfanin BSS na Ingila, wajajen 1990. Zango huɗu gare ta, kowanne yana iya ragewa ko ƙarawa, a sama da iyaka ko a ƙasa da ita. Masu sautin dandali ne suka fi rungumarta, kuma dalilin a bayyane yake. Mawaƙi a gaban jama'a ba ya tsayawa wuri ɗaya. In ya manna baki a makirfo, kauri ya taru ya yi gunji. In ya ja baya ya kwarma amshi, wajen haz 3,000, inda kunne ya fi saurin ji, ya soki mutane. Babu saitin ikwalaiza ɗaya da zai yi wa duka biyun. DPR-901 tana zaune shiru, sai laifi ya zo ta miƙa hannu, ya wuce ta janye.

Wannan shirun shi ne bambancin da ya fi kowanne. Dainamik ba ta yanka shaddar. In babu laifi, layinta a miƙe yake, abin da ya shiga shi ya fita. Maltiban ta gargajiya kuwa ko tana hutu ɗinkinta yana jikin waƙar. Ɗaya mai gadi ce da ba a ganin ta sai ɓarawo ya zo, ɗayar shingen bincike ce da kowa sai ya bi ta cikinsa.

Duk da haka dainamik ta daɗe a gefe. Kowane zango yana buƙatar kayansa na ƙarfe da waya, ga tsada. Daniel Weiss a Suwizalan ya saka irin wannan aiki a ikwalaizarsa ta EQ1, amma wannan kayan manyan ɗakunan mastarin ne, inda ake ƙarasa waƙa. Ƙaramin mai situdiyo ko a mafarki.

Maltiban ce ta riga ta shiga gidan talaka. Faifan CD da ya fito a 1982 ba shi da allurar da za ta yi tsalle, iyakarsa lamba ce kawai, kuma kowa yana iya zama a bakinta. A 1994 kamfanin Waves ya fitar da L1, mai aske kan sauti don a samu ɗaga sauran. A 1996 TC Electronic na Denmak ya kawo Finalizer, akwati mai zango uku wanda sunansa ma alkawari ne: kawo waƙarka in ƙarasa maka. Har da wani sashe a cikinsa da suka kira Wizard, kamar a ce boka, wanda zai yi maka 'yan tambayoyi ya zaɓa maka saiti. Ozone ta iZotope ta biyo a 2001, C4 ta Waves ta zama ruwan dare a kwamfutoci. Abin da gidan rediyo ya ƙera don ya daidaita faya-fayen mutane ɗari sai ga shi a kan waƙa guda ɗaya, wadda mai ita ya kwana yana bambanta baiti da amshi. Na'urar ta yi aikin da ta iya, ta mayar da su iri ɗaya.

Ba maltiban kaɗai za a ɗora wa yaƙin ƙarar da ya biyo baya ba, askin kai ya fi ta laifi. Amma ita ce ta share fage, don ita ke cika kowane lungu na sauti kafin a aske. Abin ya kai intaha a 2008 da kundin Death Magnetic na Metallica, lokacin da masoyan ƙungiyar suka gano cewa waƙoƙin sun fi daɗin ji a cikin wasan Guitar Hero, inda ba a matse su haka ba, har suka yi ta sa hannu a takardar koke.

Abu biyu suka juya akalar. Na farko ma'auni ne. Ƙungiyar sadarwa ta duniya ta fitar da hanyar auna ƙara yadda kunne ke jin ta a 2006, gidajen rediyo da talabijin na Turai suka ɗora ƙa'idarsu ta R128 a kai a 2010, kuma a 2017 Spotify ta sauke mizaninta zuwa 14 ƙasa da sifili a wannan ma'auni. Waƙar da ta fi haka ƙara sai a rage ta. Wanda ya matse tasa har ta daina numfashi ya tashi a tutar babu: ƙarar an karɓe, numfashin bai dawo ba.

Na biyu kwamfuta ce ta yi ƙarfi. Abin da da sai an sayi akwati, yanzu lissafi ne. Ozone ta samu dainamik a 2014. A 2015 Tokyo Dawn suka saki Nova kyauta. A ƙarshen 2018 FabFilter na Amsterdam suka fitar da Pro-Q 3, inda kowane ɗigo da ka ɗora a kan layi za ka iya ce masa ya yi motsi. Daga nan dainamik ta daina zama na'ura ta daban, ta zama maɓalli a jikin ikwalaizar da kowa yake buɗewa kullum. Aka kuma yi auratayya tsakanin gidajen biyu. C6 ta Waves ta ƙara zango biyu masu yawo a kan huɗun gargajiya. Pro-MB ta 2013 maltiban ce da za ka kafa mata zango ɗaya ka bar sauran sauti ba a taɓa ba, tana kuma da yanayin da ɗinki ba ya bayyana sai tana aiki. Soothe ta kamfanin oeksound na Finlan, a 2016, ta wuce nan: ita ke farautar wuraren da ke sukar kunne da kanta, da yawa a lokaci guda. Masu cewa duk kanwar ja ce, a nan suke da 'yar gaskiya. A fuskar kwamfuta iyakar ta dushe.

Sai dai fuskar kwamfutar ita ma ta kawo nata. Mun saba cewa gani ya kori ji, amma a wannan sana'a ji ne jari. Yaro ya ga tsini a kan layi sai ya kafa masa dainamik, ya ga wani ya kafa, har ya tara goma sha, alhali tsinin nan shi ne muryar mawaƙin. Wanzamin da ya yi sakiya a duk inda ya ga tudu, hanci ma ba zai bari ba.

Labarin ya iso mu ta kwamfutocin ƙananan situdiyo, daga titin gidan Zoo a Kano zuwa Kaduna da Jos, inda FL Studio ta kamfanin Image-Line na Beljiyam ta samu karɓuwa. A cikinta akwai Maximus, maltiban mai zango uku, da ƙanwarta Soundgoodizer, wadda aka gina a kan injin Maximus ɗin aka bar mata abin murɗawa ƙwaya ɗaya. Duk wanda ya murɗa shi ya ji waƙa ta cika ta yi ƙyalli, jikar akwatin Dorrough ya taɓa, ko bai taɓa jin sunan ba. Akwai kuma OTT, wadda ta samo asali daga wani saiti na Ableton, Steve Duda ya mayar da ita fulogin kyauta, wato ƙaramar manhajar da ake ɗorawa a kwamfuta. Ita ba ta ɓoye halinta ba, tana danne mai ƙarfi tana ɗago marar ƙarfi a zango uku, kuma masu kiɗan lantarki launin suke so. A nan ba ni da ja, domin sun san abin da suka saya.

Kayanmu ma suna nuna inda kowacce ta dace. Kalangu ba ya zama a murya ɗaya, makaɗi yana matsa tsarkiya a hammata sautin yana hawa yana sauka. Tsinken dainamik da aka kafa a wuri ɗaya zai kama bugu ɗaya ya rasa uku. Faffaɗan zangon maltiban, mai saurin kamu da saki irin na ƙasa, ya fi riƙe shi. Amma mawaƙiyar da aka ɗauka a ƙaramin ɗaki, wadda duk lokacin da ta sauka a kan wata gaɓa ɗaya sai ɗakin ya amsa da gunji, ba ta buƙatar a yanka muryarta gida huɗu. Wuri ɗaya ne, lokaci ɗaya ne. Haka in fiyano yana rufe kalmomi: a sa dainamik a kan fiyanon, a ba ta muryar ta zama kunnenta, ta riƙa buɗe wa kalma hanya a wajen haz 2,000 zuwa 3,000, in mawaƙi ya yi shiru fiyano ya dawo cikakke. Hausa kuma ga ta da "ts" da "sh" masu yawa, aikin da tun ɗakin yankan faifai aka san mai shi.

Na ce za mu sake haɗuwa da Orban da Foti. A 2001 waɗannan abokan hamayya biyu suka haɗu suka rubuta takarda ɗaya zuwa ga masu yin faifai, a kan abin da ke samun waƙa in ta shiga rediyo. Bayaninsu shi ne cewa na'urar tasha tana fara daidaita ƙarfin duk abin da ya shigo, don haka waƙar da aka matse tun daga situdiyo ba ta fin sauran ƙara a iska. Abin da take fin su shi ne fashewa, domin kawunan da aka aske sukan sake tsirowa a cikin na'urar, a sake aske su, sannan maltiban ta tasha ta hau kan abin da maltiban ta situdiyo ta riga ta tauna. Mutanen da suka ƙera makamin ne suke roƙon a kawo musu waƙa da sauran numfashinta.

Haka abin yake a duk tashar FM da ke da irin wannan akwati a gaban na'urar watsa shirinta. Direban adaidaita sahun da ke saurare a cikin cunkoson Ƙofar Nasarawa bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya dai ji waƙar tana yi masa ƙaiƙayi a kunne, ya miƙa hannu ya murɗa zuwa tasha ta gaba, inda wata maltiban ɗin take zaune tana jira.